Faifan Garmaho Amana Ne A Hannunmu

Zancenmu na wannan mako a kan wani kaya ne da ke kwance a gidaje da yawa, a ƙarƙashin gado, ko a bisa kabad, ko a cikin tsohuwar adakar da mai gida ya rasu ya bari, watau faifan garmaho. Da ma sunan nan aro ne daga faifan kaba da mata ke rufe ƙwarya da shi, to, ga shi kuwa yau a wasu gidajen abin ya koma wa asalinsa, don sai ka tarar an rufe tulu da faifan Shata, ko yara suna wurga shi sama suna cafewa. Wannan asara ce, kuma irin asarar da ba a mayar da ita da kuɗi.

Mun zaɓi mu kafa misali da Suleja saboda dalili biyu. Na farko, tarihin garin. Kowa ya san cewa wannan gari shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa a 1828, kuma bayan da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976 aka ba shi sunan Abuja, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A shekarun da aka fara aikin ginin, ma'aikata da 'yan kwangila da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan a Suleja suka sauka, har unguwar da ake kira Field Base ta samo sunanta daga zaman ma'aikatan hukumar gina birnin. Zamanin nan kuwa shi ne ganiyar faifai a Nijeriya. Bahaushe ya zo da Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, Bayarabe ya zo da Ebenezer Obey da Sunny Ade, mutumin gabas ya zo da Osita Osadebe da Prince Nico Mbarga, samari kuma suna sayen na Fela da na waƙoƙin Indiya. Dalili na biyu shi ne yanayin wurin. Suleja tana shan ƙurar hunturu kamar sauran garuruwan Arewa, sa'an nan daminarta ta fi ta Kano da Katsina tsawo da danshi. Manyan abokan gāban faifai ke nan guda biyu, sun taru a gari ɗaya.

Wani zai ce, mene ne abin damuwa, tun da ana samun waƙoƙin nan a waya? Amsa ita ce, abin da ya hau intanet daga wani faifai ko kaset aka kwafo shi, kuma abin da ba a kwafa ba yana nan a inda yake, yana jiran gara. Kamfanonin da suka buga faya-fayen nan a Ikko, irin su EMI da Decca da Philips, sun daɗe da tattara nasu ya nasu, bayan da kaset ya shigo, masu satar fasaha suka karya kasuwar. Ko a ƙasashen da ake taƙama da adana kaya ma ana yin asara, domin a 2008 gobara ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Universal a Amurka, ta cinye ɗimbin kaset-kaset na asali na manyan mawaƙa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Ba za su sake shiga ɗakin ɗaukar murya ba. Saboda haka mai yiwuwa ne faifan da ke ƙarƙashin gadonka yana cikin 'yan kaɗan da suka rage na irinsa a duniya.

Kafin mutum ya iya kula da abu, sai ya san yadda yake aiki. In ka ɗaga faifai a haske za ka ga kamar zobba ne da yawa a jikinsa, alhali kuwa siririyar hanya ce guda ɗaya tak a kowace fuska, ta taso daga baki tana kewayawa har tsakiya. Faɗinta bai fi kaurin gashin kai ba, amma da za a miƙar da ita a babban faifai da ta kusa rabin kilomita. A bangon wannan hanya aka sassaƙa muryar mawaƙi da amon kalangu da na kuntigi, a matsayin 'yan ƙananan lanƙwashe-lanƙwashe. Allura tana bin hanyar tana karkarwa, na'ura kuma ta mayar da karkarwar sauti. To, ƙwayar ƙura ɗaya a cikin wannan hanya tamkar dutse ne a tsakiyar titi. Allura za ta yi karo da ita, ka ji ƙas-ƙas, wani lokaci ma ta tura ta ta kankare bangon hanyar, abin da ya kankaru kuwa ya tafi ke nan.

Har wa yau, wajibi ne mai faifai ya san faifai iri biyu ne. Akwai na dā, mai nauyi da tauri, mai kewayawa sau 78 a minti ɗaya, wanda yawanci kowace fuskarsa waƙar wajen minti uku take ɗauka. Da shalak ake yin sa, wani irin ƙaro da ake samu daga wasu ƙwari a Indiya da maƙwabtanta, kuma in ya faɗi fashewa yake yi kamar tangaran. Sai kuma na roba, mai sauƙi da ɗan lanƙwasuwa. Kamfanin Columbia ne ya fito da babbansa a 1948, mai kewayawa sau 33 da sulusi, wanda fuskarsa ɗaya ke ɗaukar wajen minti 20, sa'an nan kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaraminsa mai kewayawa sau 45 a 1949. Bambancin nan yana da muhimmanci ƙwarai, domin abin da ɗaya zai jure yana iya kashe ɗayan.

Mu fara da riƙo. Ba a kama faifai a tsakiyar jikinsa. A tallafe shi da tafin hannu biyu ta gefe da gefe, ko a sa babban yatsa a baki, sauran yatsu a kan takardar tsakiya. Maiƙon hannu, balle hannun da ya taɓa man gyaɗa ko man shafawa na hunturu, yana kama ƙura ya manne ta a cikin hanyar allura. Da hunturu kuma akwai wata matsalar. In iska ta bushe, roba takan tara wani ƙarfin lantarki mai jawo ƙura, irin wanda ke sa riga ta yi ƙara in an tuɓe ta da dare. Don haka kada a goge faifai da busasshen tsumma da ƙarfi, wannan ƙara masa jan ƙura yake yi. A share shi a hankali da burushi mai laushi ƙwarai ko ƙyallen karammiski kafin a sa shi da bayan an cire shi, a bi yadda hanyar ta kewaya, kada a gitta ta.

In faifai ya yi dauɗa sosai, sai wanki. A nan ne mutane da yawa kan rasa ido garin neman gira. Kananzir da fetur da man goge takalmi da garin sabulun wanki duk guba ne ga faifai. Sifirit kuwa narkar da shalak yake yi, ɗigo kaɗan ya isa ya lalata faifan 78 har abada, saboda haka kada ya kusance shi ko da wasa. Abin da ya dace shi ne tataccen ruwa, irin wanda ake ƙarawa a batirin mota ko na sola, wanda akan samu a wurin masu cajin batir da wasu kantunan magani. Amma a yi hattara, a tabbatar da mai sayarwa ya gane ruwa zalla ake so, kada ya ba da mai asid. Dalilin neman tataccen ruwa shi ne, ruwan rijiya da na burtsatse da na famfo suna ɗauke da gishiri-gishirin ƙasa, in suka bushe sai su bar farin gari a cikin hanyar allura.

Ga yadda ake yi. A zuba wajen lita ɗaya ta ruwan a kwano mai tsabta, a ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun ruwa na wanke kwanuka, marar turare in da hali. Ruwan ya zama mai sanyi, kada a ɗumama shi. A shimfiɗa tawul mai tsabta a kan tebur, a kwantar da faifan. A tsoma ƙyalle mai laushi marar zare-zare, irin na goge tabarau, a matse shi, a bi hanyar allura da shi a kewaye sau uku ko huɗu ba tare da dannawa ba. A kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe, domin a kanta sunan mawaƙi da na waƙa da lambar kamfani suke, su ne shaidar faifan. Sa'an nan a ɗauraye da wani ƙyallen da aka jiƙa da ruwa zalla, a tsane da busasshe, a jingine shi a inuwa cikin ɗaki, nesa da taga, har ya bushe sarai kafin a mayar da shi rigarsa. Faifan shalak kuma ba ya son daɗewa da laima, a gaggauta tsane shi. Akwai wani nau'i da ba safai ake ganinsa ba, mai ƙarfe a ciki da baƙin shafe a sama, irin wanda gidajen rediyo suka riƙa yankawa ɗaya-ɗaya. In shafensa ya fara ɓarewa, kada a sa masa ruwa ko kaɗan, a kai wa masana.

Sai ajiya. Roba takan fara laushi tana karkacewa in zafi ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, cikin motar da aka rufe a rana da bazara kuwa yana kai wa nan. Ɗakin kwano marar silin, da bisa kabad kusa da rufi, da bakin taga, da kusa da murhu ko janareta, duk ba wurin faifai ba ne. A jera su a tsaye kamar littattafai a kanta, kada su jingina a karkace, kada kuma a matse su. Jibga su ɗaya bisa ɗaya yana lanƙwasa na roba, yana tsaga na shalak. Wanda ya riga ya karkace, kada a shanya shi a rana, kada a sa masa dutsen guga. A sa shi tsakanin gilasai biyu masu faɗi, a aza littattafai masu nauyi, a bar shi makonni. Wani yakan miƙe, wani ba ya miƙewa, shi ya sa rigakafi ya fi magani.

Da damina kuwa, a gari irin Suleja, danshi ne abin tsoro. Fumfuna takan kama rigar kwali ta ratsa har jikin faifai, gara da kyankyasai kuma su bi takarda. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a janye shi daga bangon da ke tsattsafo, a jefa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa buɗewa ana dubawa ko da sau ɗaya a wata. Rigar ciki ta takarda da ta tsufa ta fara marmashewa a sake ta. Amma rigar waje mai hoton mawaƙi a adana ta ko ta yage, domin ita ma tarihi ce.

Daga nan sai allura. Dusasshiyar allura ta fi ƙura ɓarna. Ta lu'ulu'u takan yi aikin awa 500 zuwa 1,000, daga nan a sake ta. A riƙa share bakinta da ɗan burushi daga baya zuwa gaba. Yawancin allurai nauyin giram 2 zuwa 3 kawai suke bukata, saboda haka al'adar nan ta ɗora kwabo a kan hannun garmaho don kada allura ta yi tsalle, noman faifai ce kurum. In allura tana tsalle, a wanke faifan, a daidaita tebur. Tsohon garmaho mai wani da hannu kuwa, allurarsa ta ƙarfe don faifan 78 aka yi ta, kuma sauya ta ake yi bayan kowane faifai. In aka aza ta a kan na roba, sau ɗaya ya isa ta gama da shi.

Abu na ƙarshe, bayan an wanke faifai a kwafe shi. Ana iya haɗa garmaho mai lantarki da kwamfuta, a ɗauki sautin da manhaja irin Audacity wadda kyauta ce, a ɗauki hoton riga da takardar tsakiya, a raba wa 'yan'uwa don kada ya zauna a wuri ɗaya. Bayan an kwafa kada a yar da faifan. A Amurka, a 2022, yawan faya-fayen roba da aka sayar ya zarce na sidi, karo na farko tun 1987, kuma masu tara tsofaffin faya-fayen Afirka suna yawo suna saye. In wani ya zo ƙofar gida yana tayin kwali guda da kuɗin cefane, a tsaya a yi tunani. Laburaren Birtaniya a Landan yana ajiye da tarin faya-fayen da Decca ta buga a Afirka ta Yamma, kuma ba daidai ba ne a ce jikokinmu sai sun nemi izinin shiga Ingila kafin su ji kakanninsu. Wanda ya ga ba zai iya riƙon nasa ba, ya tuntuɓi sashen harsunan Nijeriya na jami'a mafi kusa da shi, ko Gidan Arewa da ke Kaduna, ya ji shawararsu.

Muna roƙon masu karatu na Suleja da Madalla da sauran wurare, kafin damina ta gaba ta sauka, kowa ya jawo adakar nan ya buɗe, ya rubuta sunayen faya-fayen da ya tarar a ciki, ya aiko wa wannan fili. Da tsohuwar zuma ake magani.