Bincike ba hajar kasuwa ba ne

A taron shekara-shekara na ƙungiyar ALISE, wadda ta haɗa makarantun koyar da aikin ɗakin karatu na Amurka da Kanada, ɗaliban doktora kan fafata a gasar tunawa da Jean Tague-Sutcliffe, malamar Kanada da ta rasu a 1996. Kowane ɗalibi yakan matse binciken shekaru cikin babbar takarda guda, ya kafe ta, ya tsaya yana tallarta ga alƙalai. To, ina gwajin da ya ci tura? Ina shakkar mai binciken? Takardar ba ta da wurinsu, sai mai zaƙin baki da iya zane ya wuce gaba. Abin takaici, marigayiyar ta yi suna ne wajen tsanantawa kan yadda ake auna sakamakon gwaji.