Tsakanin Abuja da gwamnoni: wa ke riƙe da makullin kasuwa?

Duk mai ɗaukar kaya daga Maraɗi ya bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko daga Ƙonni zuwa Illela, ya san mulkin Nijeriya ba irin namu ba ne. Mu nan, daga Yamai ake naɗo gwamnan jaha. Can kuwa tsarin tarayya ne: jahohi 36, kowace da gwamnan da jama'a suka zaɓa, da majalisarta, da kasafin kuɗinta. Shi ya sa da yawanmu ke ɗaukar gwamnan Katsina ko na Sakkwato tamkar wuƙa da nama na hannunsa. Ga ɗan kasuwa, wannan zato na iya jawo asara.

Kundin tsarin mulkinsu na 1999 ya keɓe wa gwamnatin Abuja wasu ayyuka ita kaɗai. A ciki akwai duwan, wato kwastan ɗinsu, da shige da fice, da kuɗin ƙasa, da soja. Ke nan abin da ya fi shafar mai fatauci, gwamna ba shi da ta cewa a kai.

Mun gani a watan Agustan 2019, lokacin da shugaba Buhari ya rufe iyakokin ƙasa. Shi kansa ɗan Daura ne, gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Masari, ɗan jam'iyyarsa ne, amma hakan bai hana Jibiya shan wuya ba. A watan Disamban 2020 aka buɗe Illela da Maigatari. Ita Jibiya sai da ta jira har Afrilun 2022. Mata masu talla a bakin iyaka, da ƴan dako, da masu motocin haya, su suka san tsawon waɗannan watanni.

To, amma kada a ce gwamna ba komai ba ne. A 2021, saboda ƴan bindiga, shi dai Masari ya rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ya tsayar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ya hana sayar da mai a jarka. Gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya rufe kasuwannin mako. Ba su jira Abuja ta yi musu wannan ba. Gwamna na iya rufe maka kasuwa cikin dare ɗaya, amma ba shi iya buɗe maka iyaka.

Rikicin canjin naira ne ya fi fito da abin fili. Babban bankin Nijeriya ya sauya takardun 200 da 500 da 1000, ya ce tsofaffin su daina aiki a watan Fabrairun 2023, alhali sababbin ba su wadata ba. Mu da ke karɓar naira a kasuwanninmu mun tuna yadda aka riƙa gudun tsohuwar takarda kamar wuta. Gwamnoni ba su da ikon soke umarnin, amma suna da wata ƙofa da gwamnan da aka naɗo ba shi da ita: jahohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli. Ran 3 ga Maris 2023 kotu ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Wanda ya yi gaggawar karyar da nasa wajen ƴan canji, shi ya yi kuka. A ganinmu, nan ne amfanin tarayya ya bayyana, ko da yake ba don Allah kaɗai gwamnonin suka yi ba, zaɓe ne ke gabansu.

Akwai kuma hannu na ukku da muke mantawa: ƙananan hukumomi 774. Kasuwa da tasha a doka nasu ne, galibi su ke yanka tikiti. Shekara da shekaru gwamnoni na riƙe musu kasonsu na wata-wata, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a watan Yulin 2024 a riƙa biyan su kai tsaye.

Gyaran kundi da aka sa wa hannu a watan Maris 2023 ya ba jahohi dama su shiga harkar lantarki da jirgin ƙasa. Duwan da naira da iyaka kuwa ba a taɓa su ba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ma, da aka aza harsashinsa a 2021, aikin Abuja ne.