Kara Yana da Masu Shi: Tsokaci a Kan Sinadaran Narkarwa na Amino Asid

Duk wanda ya bibiyi rubuce-rubucen masana kimiyyar harhaɗa sinadarai a kan makamashin tsirrai zai lura da wata kalma da ke yawan fitowa. Abin da ya rage a gona bayan girbi, su a wurinsu shara ne. A kan wannan kalma nake son tsayawa, domin akwai wata fasaha da ke tasowa wadda za ta iya mayar da waɗannan ragowa kayan masana'antu, kuma ina ganin manazartan Hausa suna da ta cewa tun kafin ta iso.

Jikin kara ya ƙunshi manyan abubuwa uku: selulos, hemiselulos da lignin. Biyun farko sukari ne da aka saƙa shi dogon zare, na ukun kuma shi ne ƙaron da ya ɗaure su ya ba kara ƙarfin tsayuwa. Mai son samun sukari daga kara, domin ya yi man itanol ko wasu sinadarai, dole ya fara kwance wannan ɗauri. Masana'antun takarda sun daɗe suna yin haka da soda mai ƙuna da sinadarin salfa a zafin da ya kai wajen digiri 170, wasu kuma da asid mai ƙarfi. Hanyoyin suna aiki, amma suna cin wuta da yawa, suna cin tukwanen ƙarfe, suna kuma barin gurɓataccen ruwa.

Neman mafita ya kai masana ga wani nau'in gishiri da ke zama ruwa-ruwa a zafin da bai kai digiri 100 ba. A 2002 Robin Rogers da abokan aikinsa a Jami'ar Alabama ta Amurka suka nuna cewa irin wannan gishiri yana narkar da selulos. Sai dai na farko-farkon suna da tsada, ba sa ruɓewa da sauƙi, kuma suna hana enzayim da yis yin aikinsu. A 2005 Hiroyuki Ohno da ɗalibansa a Tokyo suka haɗa irin wannan ruwa daga amino asid guda 20, wato tubalan da ake gina furotin da su a jikin kowane mai rai. A 2012 masana a birnin Guangzhou na ƙasar Sin suka haɗa amino asid da sinadarin kolin, suka jiƙa karan shinkafa a ciki a zafin digiri 90. Haɗin kolin da laisin ya janye lignin mai yawa ya bar selulos a buɗe ga enzayim. Daga baya cibiyar JBEI ta jihar Kalifoniya ta gwada wannan haɗi a kan dawa, a cikin tukunya guda tun daga jiƙo har zuwa tsimi.

Babu shakka wannan ci gaba ne. Laisin da kolin duk abubuwa ne da masu kiwon kaji suka sani, domin ana zuba su a abincin kaji, ƙwayoyin halitta kuma suna iya ruɓar da su. Amma sunan da Turawa suka ba su, wai “koraye”, bai kamata ya rufe mana ido ba. Kolin ɗin da ke kasuwa ana haɗa shi ne daga sinadaran da asalinsu man fetur da iskar gas ne. Laisin kuwa ana samun sa ta hanyar ciyar da wata bakteriya da sukarin masara, rogo ko rake, wato shi ma sai an noma gona kafin a same shi. Ruwan yana da kauri, tace shi domin a sake amfani da shi yana cin makamashi, kuma idan ba a maimaita amfani da shi sau da yawa ba, kuɗinsa zai cinye ribar. Saboda haka ingancinsa ga muhalli abu ne da ake aunawa daga farkon haɗa shi zuwa ƙarshen zubar da shi. A Hausa ma launin kore bai ɗauke da wannan ma'ana, kuma gara mu ce sinadari mai sauƙin illa, domin wannan suna ya bar ƙofar tambaya a buɗe: sauƙi idan an kwatanta da me?

Babbar damuwata ita ce abin da za a narkar. Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen da ke noman dawa a duniya, kuma mai lissafi daga nesa zai ɗauka cewa akwai tulin kara da ba shi da mai shi. Harshen Hausa ya ƙaryata wannan zato. Muna da kara, da harawa, da ƙaiƙayi, da dusa, da kowar wake, da totuwar masara, da ɓawon gyaɗa, da ɓuntun shinkafa, da tukar rake. Al'umma ba ta ɓata lokaci wajen rarrabe sunayen abin da ba ta amfani da shi. Kara shi ne danga da rufin ɗaki da makamashin girki, shi ne abincin shanu a tsakiyar rani. Harawa tana da kasuwarta, farashinta kuma yana tashi gab da babbar salla. Tsohuwar yarjejeniyar manomi da makiyayi, inda shanu ke cin kara su bar taki, a kan waɗannan ragowa aka gina ta. Ranar da masana'anta ta fara sayen kara da tirela, makiyayi da matar da ke hura murhu da ƙasar gonar kanta ne za su biya kuɗin, a yankin da rikicin kiwo ya riga ya ci rayuka.

Wannan ba hujja ba ce ta juya wa fasahar baya. Akwai ragowar da suka fi ƙarfin masu amfani da su, kamar ɓuntun da ke taruwa tsibi-tsibi a bayan injinan casar shinkafa na Kura da Kebbi, wanda sau da yawa wuta ake cinna masa. Waɗannan a wuri guda suke, ba sai an bi gona-gona ba, kuma ɗaukarsu ba ya raba kowa da abincin dabbarsa. Ɓuntu yana da sinadarin silika mai yawa, saboda haka sakamakon da aka samu a kan karan shinkafa a Sin ba zai wadatar ba, sai an yi gwaji a nan. A nan ne ya kamata sassan kimiyya na jami'o'inmu su fara.

Akwai kuma gadon da bai kamata a tsallake ba. Haɗin kolin da laisin yana kwance lignin ne saboda yana da kaifin alkali, irin na ruwan toka da kanwa. Marinan Ƙofar Mata a Kano da toka suke tayar da baba, masu sabulun salo da ita suke aiki, majema kuma da bagaruwa suke jeme fata. Ba ina cewa ruwan toka zai yi abin da sabon sinadarin ke yi ba. Ina cewa duk mai bincike da ya kwatanta sabon sinadari da asid kaɗai, bai saka ruwan toka a ma'auni ba, ya bar tambayar da ta fi shafar manomin da ba shi da kuɗin waje na sayo laisin.

Aikinmu a fagen nazarin Hausa iri biyu ne. Na farko, mu tattara sunayen ragowar amfanin gona a kowane karin harshe, daga Sakkwato zuwa Damagaram, tare da amfaninsu da masu mallakarsu da lokacin da suke tsada. Wannan taska za ta gaya wa masanin sinadarai abin da ɗakin gwajinsa ba zai gaya masa ba. Na biyu, mu zauna da masana kimiyya mu daidaita kalmomin fannin, ta yadda manomi zai fahimci abin da ake son saya daga hannunsa da abin da zai rasa idan ya sayar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan muka jira sai an kafa masana'antar, za mu tarar an riga an fassara mana kara da shara, an kuma yanke masa farashi a kan haka.