Hukuncin Tuvix: Shin Ana Kashe Rai Ɗaya Don a Dawo da Biyu?

A watan Mayu na shekarar 1996 aka nuna wani kashi na wasan talabijin na Amurka mai suna Star Trek: Voyager, wanda aka raɗa wa suna "Tuvix". Labarin jirgin sararin samaniya ne da ya ɓace nesa da duniya. Ma'aikatansa biyu, Tuvok da Neelix, waɗanda asalinsu daga duniyoyi daban-daban ne, sun sauka wata duniya sun tsinko fure. Da na'urar da ke ɗauke mutum daga wuri zuwa wuri ta dawo da su, sai ga mutum ɗaya maimakon biyu, yana da tunanin kowannensu, ya kuma kira kansa Tuvix. Bayan makonni aka gano hanyar raba shi, amma ya ce shi kam ba ya son mutuwa. Likitan jirgin ya ƙi taɓa shi, sai shugabar jirgin, Kyaftin Janeway, ta aiwatar da aikin da hannunta.

Ɗalibin ilmin halittu zai ga giɓi uku a labarin. Na farko, marubutan sun ɗora laifin a kan furen, suka aro sunan wani nazari na gaskiya, wato haɗuwar halittu biyu su zama ɗaya. Lynn Margulis ta kawo hujjoji a 1967 cewa maitokondiriya, wadda ke samar wa ƙwayar halitta kuzari, asalinta bakteriya ce da wata ƙwaya ta haɗiye fiye da shekaru biliyan ɗaya da suka wuce. To, amma wannan ya faru ne tsakanin ƙwayoyi guda-guda, a tsawon zamani mai nisa. Dubi doki da jaki, 'yan uwan juna na kusa: doki na da kiromosom 64, jaki 62, alfadarin da suka haifa 63, kuma galibi ba ya haihuwa. Ina ga baligai biyu da ba su haɗa kaka ba?

Na biyu, nauyi. In a ce kowannensu kilo 70 ne, ina sauran kilo 70 suka shige, kuma daga ina suka dawo ranar rabuwa? Na uku, an raba su ne ta hanyar yi wa DNA ɗin ɗayansu alama. Amma abin da mutum ya koya ko ya tuna ba a rubuce yake cikin DNA ba; yana cikin yadda ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa, kimanin biliyan 86, suka sarƙe da juna. Tace DNA ba zai mayar wa kowa tunaninsa ba. Bugu da ƙari, a 1993 wani kashi na Star Trek: The Next Generation ya nuna irin wannan na'ura ta mayar da William Riker mutum biyu. Me ya hana ma'aikatan Voyager ko da tattauna wannan hanya? Marubutan sun toshe ƙofa ta uku ne don su tilasta zaɓi.

Duk da raunin kimiyyar, tambayar da labarin ya ɗauko gaskiya ce, kuma likitan ne ke kan daidai. Masu goyon bayan Janeway suna cewa biyu sun fi ɗaya, kuma Tuvok da Neelix ma ba a nemi yardarsu ba kafin su salwanta. Hujja ce mai nauyi, sai dai ta manta da wani bambanci: salwantarsu haɗari ne da ba hannun kowa a ciki, mutuwar Tuvix kuwa da gangan aka yi ta, yana roƙo, abokan aikinsa sun yi shiru. Masaniyar falsafa Judith Jarvis Thomson ta kawo misali a 1985: likita na da majiyyata biyar masu buƙatar dashen gaɓoɓi, ga kuma lafiyayyen mutum ɗaya ya shigo asibiti. Lissafi ya ce a yanka shi, amma babu mai hankalin da zai amince. Haka kuma Ƙa'idar Nuremberg ta 1947, wadda aka tsara bayan ta'asar likitocin Nazi a Jamus, ta sa yardar mutum a sahun farko kafin a yi gwaji a jikinsa.

Saboda haka bai kamata malamai su raina irin waɗannan wasanni ba. A kawo labarin aji, a bar ɗalibai su zaƙulo kurakuran kimiyyar da kansu, sannan a raba su gida biyu su yi muhawara a kan hukuncin. Cikinsu akwai likitocin gobe, kuma wata rana wani mai iko zai umarce su da yin abin da ilminsu zai iya amma amanarsu ta hana. Gara su koyi cewa "a'a" tun suna kan benci.