Ranar da Leicester ta ƙi yin gwanjon Ahmed Musa

Duk makiyayin da ke cin kasuwar Talata Mafara ya san ramammen sa ba ya kuɗi a ƙarshen rani. Wanda ya matsu ya sayar, dillali ya yi wa kiwo. Masu ƙungiyoyin ƙwallo kan manta da haka.

A 2016 Leicester City, tana riƙe da kofin Firimiya, ta sayi Ahmed Musa daga CSKA Mosko kan kimanin fam miliyan 16. Cinikin bai yi armashi ba. Ƙwallo 2 kacal ya ci a gasar a kakarsa ta farko, daga nan sai zaman benci, darajarsa ta faɗi warwas. Leicester ba ta yi gwanjonsa ba. A Janairun 2018 ta ba CSKA aronsa, ya samu wasa, ƙafarsa ta dawo. Ran 22 ga Yuni ya zura wa Iceland ƙwallo biyu a Gasar Kofin Duniya a Rasha.

A Agusta Al-Nassr ta Saudiyya ta saye shi kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kusa abin da Leicester ta kashe. Akwai sa'a a ciki, ba musu, amma da a Janairu aka sallame shi, wata ƙungiyar ce za ta kwashi ribar.