Yaro ba ya karanta gargaɗi

A wannan mako za mu leƙa jahar Kaliforniya ta ƙasar Amurka, inda wata doka take hana ƴan kasuwa barci tun 1986.

A watan Nuwamba na shekarar ne al'ummar jahar suka kaɗa ƙuri'a, suka amince da dokar da ake kira Shawara ta 65. Ta tanadi cewa duk kamfanin da ke da ma'aikata 10 ko fiye, in hajarsa tana ɗauke da sinadari mai haddasa ciwon daji ko lahanta ɗan tayi fiye da ƙimar da aka yarda, wajibi ne ya gargaɗi mai saye. Sinadaran da aka lissafa sun kai wajen 900, har da dalma, wadda maƙwabtanmu na Zamfara suka ga ɓarnar gubarta a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka rasu.

Ƙarfin dokar yana wurin tara: har dolar Amurka 2500 kowace rana, kan kowane laifi. Kuma ba hukuma kaɗai ke da ikon kai ƙara ba. Kowane mutum na iya yi, muddin ya ba kamfanin da mahukunta sanarwar kwana 60. In an ci tara, rubu'i nasa ne.

A 2007 kamfanin Mattel ya janye kayan wasa fiye da miliyon ɗaya da aka ƙera a ƙasar Sin, saboda dalma a cikin fentinsu. Babban lauyan jahar na lokacin, Jerry Brown, ya gurfanar da kamfanoni 20. A ƙarshen 2008 tara daga cikinsu suka biya dola miliyon 1,8, suka kuma ɗauki alkawarin rage dalmar.

A ganina wannan alkawari shi ne ribar, ba takardar da ake mannawa ba. Yaron da ke tsotsar motar wasa bai san baƙi ba, balle ya karanta gargaɗi. Iyayen ma sun gaji, domin don gudun shari'a an manna shi ko'ina, har a wuraren ajiye motoci. A 2018 wani alƙali ya ce sai an sa shi ga kofi. A 2019 hukuma ta ɗauke wa kofi wannan nauyi. Kaso mafi tsoka na kuɗin sulhu kuwa, aljihun lauyoyi yake shiga.

Duk da haka, tsoron tara ya sa kamfanoni da dama sun gwammace su canza fenti da roba da a rubuta "ciwon daji" a jikin ƴar tsanar da suke sayarwa.