«Loir»: barcin da ba na ragwanci ba

Idan Bafaranshe ya so zolayar mai nauyin barci, sai ya ce yana barci kamar «loir». Wannan ƴar dabba ta dazuzzukan Turai girmanta bai wuce na babban ɓera ba, sai dai wutsiyarta mai gashi ce kamar ta kurege. Abin da jama'a ke ɗauka ragwanci, dabara ce ta tsira da rai.

A lokacin zafi, da dare take fita. Tana bin rassa tana cin ƴaƴan itatuwa, musamman na «hêtre» da «chêne», da rana kuma ta shige kogon itace. Kafin sanyi ya shigo, takan tara kitse har nauyinta ya kusa ninkawa. Wajen watan Satumba ko Oktoba sai ta sauko, ta haƙa rami cikin ƙasa, ta dunƙule, ta lulluɓe da wutsiya. Zafin jikinta ya sauka ya kusa daidai da na ƙasa, bugun zuciya ya ragu. Ba ta sake fitowa sai Mayu ko Yuni.

To amma itacen «hêtre» ba kowace shekara yake ƴaƴa da yawa ba. Shekarar da bai yi ba, «loir» ba ta haihuwa, domin babu abin da zai ƙosar da ƙananan kafin sanyi. A shekarar 2015, masana na jami'ar likitancin dabbobi ta birnin Biyana, a ƙasar Ostiriya, sun bayyana abin da ya fi wannan ban mamaki. A irin wannan shekara, waɗanda ke da isasshen kitse sukan koma rami tun farkon lokacin zafi. Wasu har sun haura wata 11 suna barci.

Me ya sa? Kowane dare a kan reshe, mujiya na nan tana jira. Idan babu haihuwa, babu dalilin kai rai ga halaka. Cikin rami kuwa, mujiya ba ta da iko. Shi ya sa «loir» kan kai shekara 10 ko fiye a daji, alhali ɓeran daji da ƙyar yake cika 2.

Hausawa sun riga sun faɗa: da muguwar rawa gara ƙin tashi.